Garma ɗaya mai baki huɗu: abin da masu bati suke faɗa a kansa

 

Darasinmu na wannan karo a kan bati ne, wato ƙarfen nan na noman shanu wanda ake sauya wa baki. Da rani ake shawarar sayen kayan aiki, in ruwa ya sauka babu sauran lokacin shawara. Kai da ka gama ajin yaƙi da jahilci, ka iya karatu, ka iya lissafi. To, ka jawo takarda da alƙalami kusa, don akwai ƴan lissafi a cikin darasin, kuma da su za ka gane ko wannan ƙarfe ya dace da gonarka.

Mene ne bati?

Sunan daga Faransanci malaman gona suka kawo shi, ma'anarsa gangar jiki. Dogon ƙarfe ne mai kauri. A gabansa akwai ƙaramar ƙafa mai juyawa da wurin maƙala sarƙa. A bayansa akwai hannuwa biyu da manomi ke riƙewa. Shi kaɗai ba ya noma komi, sai an ɗaura masa baki. Bakunan da aka fi sani huɗu ne. Akwai garmar kaftu, mai yanka ƙasa ta kifar da ita gefe ɗaya. Akwai garmar huɗa mai fukafukai biyu, wadda ke tada kunya. Akwai haƙora uku ko biyar na noman ciyawa, waɗanda malaman gona ke kira kanadiyan. Sannan akwai faffaɗan baki mai bi ta ƙarƙashin gujiya ya tsinke saiwarta, a zo a ɗauke.

Ba a ƙasarmu aka fara wannan dabara ba. A shekarun 1950 wani Bafaranshe mai suna Jean Nolle yana aikin gona a Senigal, ƙasar da ake noman gujiya ƙwarai. Ya ga ƙaramin manomi ba zai iya sayen garma dabam, abin noman ciyawa dabam, abin tonon gujiya dabam ba. Sai ya ƙera jiki ɗaya da ake sauya wa baki. An sa masa suna Houe Sine, wato hauyar Sine, don Sine wani yanki ne na Senigal. Manoman can suka karɓa hannu biyu. A nan Nijar, wanda ya fi yaɗuwa shi ne wani iri mai suna Arara, wanda ya fi na Senigal kauri da nauyi. A shekarun 1970 da 1980 ana haɗa irin waɗannan kaya a ma'aikatar ACREMA ta Tawa, da UCOMA ta Damagaram, da CDARMA ta Doso.

Dattawanku sun san hanyar da kayan suka shigo ƙauyuka. Wasu sun same su bashi ta hannun ƙungiyoyin manoma, ƙarƙashin hukumar UNCC da aka kafa a 1962. Wasu kuma daga makarantun horon manoma, inda saurayi da matarsa kan yi damana guda suna koyo, su komo gida da shanu biyu da bati da amalanke, su riƙa biya a hankali. Farin 1984 ya kashe shanu da yawa, bashi ya gagara biya, wancan tsari ya watse. Amma ƙarfen yana nan a gidaje da dama, maƙera kuma sun koyi gyaransa da ƙera irinsa. Saboda haka masu bati sun daɗe da shi a hannu, abin da suke faɗa a kansa a majalisa da bakin maƙera daga gona suka samo shi.

Nauyi

A kan nauyi ne masu bati suka fi rabuwa. Mai gona a fadama, ko a geza inda ƙasa ke da tauri, yabon nauyin yake yi. Zai ce maka ƙarfe mara nauyi tsalle yake yi bisa ƙasa, sai mutum ya yi ta dannawa da ƙarfinsa, kafin hantsi kafaɗa ta mutu. Mai nauyi kuwa da kansa yake shiga, ya zauna daram, in ya ci karo da saiwa ko dutse ba ya lanƙwashewa. Mai gona a jigawa ba haka ya gani ba. Rairayi ba ya bukatar a danne shi. A wurinsa nauyin wahala ce kawai: ƙafar tana nutsewa, shanu suna jan ƙarfen da bai ƙara musu aiki ba, shi kuma yana ɗaga shi a ƙarshen kowane layi.

Wannan maganar ɗagawa, kada ka raina ta. Ɗauki alƙalami. Gonar hekta ɗaya, tsawonta mita 100, faɗinta mita 100. Bakin garmar kaftu faɗinsa santimita 25. Cikin mita ɗaya za ka yi layi 4, cikin mita 100 kuwa layi 400. Ke nan sau 400 za ka karkata ƙarfen ko ka ɗaga shi ka juya shanu. Kowane layi mita 100 ne, layi 400 ya zama mita 40,000, wato kilomita 40. Kusan tafiya ce daga Damagaram zuwa Mirriya da komowa, kana riƙe da hannun garma. Yanzu ka tambayi kanka, wa zai riƙe hannun nan a gidanka? A gidaje da yawa samari ƙarfafa suna wurin cin rani, wasu ba su komo ba sai an yi shibka. Aikin yakan faɗa kan yaro ɗan shekara goma sha biyar, ko dattijo, ko mace da ke son a nome mata gamanarta bayan an gama gandu. In za ka sayi bati, ka tafi da wanda zai riƙe shi, ya ɗaga ya ji. Kada kai mai ƙarfi ka ɗaga sau ɗaya a kasuwa ka ce ba nauyi.

Akwai kuma kai shi gona. Wanda yake da amalanke ba ya jin wannan. Wanda ba shi da ita yakan bar shanu su ja ƙarfen a kwance bisa hanya, kuma nan ne hannu ɗaya ke cinyewa, fiffiken garma ya goge tun bai yi aikin kirki ba. Masu dabara sukan sassaƙa itace mai reshe biyu, su ɗora batin bisa, shanu su ja itacen.

A ganinmu duka ɓangarorin biyu gaskiya suke faɗa, kowa ƙasar gonarsa yake bayyanawa. Kuskuren shi ne mutumin jigawa ya ji yabon mutumin fadama ya je ya saya.

Noti da maɗauri

In ka zauna da maƙeri ka tambaye shi me ya fi kawo masa bati, ba zai ce jikin ya karye ba. Da wuya jikin ya karye. Abin da ke kashe bati ƙaramin abu ne, wato noti da maɗaurin da ke riƙe baki da jiki. Garmar da aka ƙera don aiki ɗaya, an like ta gaba ɗaya, babu abin kwancewa sai baki in ya cinye. Bati kuwa duk amfaninsa a kwancewa da ɗaurewa yake, saboda haka rauninsa ma yana nan.

Iri biyu ne. Wani batin da noti ake ɗaure masa baki, sai da sifana. Wani kuma, irin na Senigal, maɗauri gare shi mai kamar zobe, da ƙusa mai ido a kai, wadda kake zura ɗan ƙarfe a idon ka murɗa. Masu na noti suna cewa nasu ya fi riƙo, in ka ɗaure ka ɗaure ke nan, baki ba ya karkacewa a tsakiyar aiki. Amma su ne kuma za ka ji suna cigiyar sifana ranar da aka yi ruwa. Sifana ɗaya ce a gida, mai babur ya ara, yaro ya kai wani wuri. In noti ya faɗi a rairayi kuwa, sai dai haƙuri. Masu na maɗauri suna cewa ko da guntun ƙarfe suna sauya baki a gona. Kukansu shi ne, in ba a murɗa da kyau ba haƙori yakan zame ya koma gefe, in kuma aka cika murɗawa da dogon ƙarfe, zaren ƙusar ya mutu.

Ga yadda abin yakan lalace. Noti ɗaya ya ɓace, ana sauri, sai a ɗaure wurin da waya. Waya ba ta riƙe tamau, baki ya riƙa motsi, ramin notin ya yi ta faɗaɗa har ya zama kamar ƙwai. Shekara ta zagayo, ko an samo sabon noti ba ya zama. Daga nan sai mai shi ya gaji ya kai wa mai walda, a like bakin da ya fi amfani da shi. Bati mai baki huɗu ya koma mai baki ɗaya, sauran ukun suna bayan rumbu suna tsatsa. Wani wurin ma tsatsa ce ke yin waldar da kanta: an bar noti rani guda babu mai, ya kama, ba ya kwantuwa sai an sare shi.

Maganin wannan ba shi da tsada. Ranar da ka sayi bati, ka sayi sifanar da ta dace da notinsa, ka ɗaure ta da igiya a jikin hannun garma, kada ta shiga ɗaki balle a are ta. Ka sayi noti biyu ko uku na ajiya. Ka duba ko duk notin jikinsa girmansu ɗaya ne. In sun bambanta, sifana biyu ko uku za ka nema, kuma wannan aibi ne a ƙira, ka faɗa wa maƙerin tun kafin ka biya. In ka kwance baki, ka mayar da kowane noti raminsa nan take. Kada ka zuba su a aljihu.

Baki nawa ke aiki?

Wannan ita ce tambayar da muke so ka tsaya a kanta. Ka zaga gidajen masu bati a garinku, ka duba bakin da ke ƙyalli da wanda ya yi ja. A yawancin garuruwan jigawa za ka tarar haƙoran ciyawa ne suka cinye, garmar kaftu kuwa wata har yanzu da sauran fentinta.

Dalili a fili yake. Shanu suna tafiya kamar kilomita biyu da rabi a awa. Kilomita 40 ɗin da muka lissafa zai ci awa 16, ban da juyawa da hutawa. Shanu ba sa wuce awa huɗu ko biyar suna aiki mai nauyi a yini. Ke nan hekta ɗaya kwana huɗu ne ko fiye. Wane mai hatsi ne zai ga ruwan shibka ya sauka, ya tsaya kaftu kwana huɗu a kan hekta ɗaya, rairayi yana bushewa, maƙwabta sun gama shibka? Ga kuma iskar farkon damana. Jigawar da aka kife ta zama gari, iska na kwasarta, ta binne tsiro ko ta ƙone shi da rairayi. Saboda haka mutumin jigawa da ya ajiye garmar kaftu ba ƙyuya ya yi ba. Mai fadama da mai geza, da wanda ya zuba taki mai yawa yana son ya binne shi, su ne garmar ke yi wa rana.

Yanzu mu lissafa noman ciyawa. In tsakanin layi da layi santimita 80 ne, hekta ɗaya tana da layi 125. In haƙoran sun share tsakanin layi a tafiya ɗaya, kilomita 12 da rabi ne, wato kamar awa 5. Ko da sai ka bi kowane layi sau biyu, kwana biyu ko uku sun isa. Ka gwada wannan da kwanakin da kake yi da hauya a hekta ɗaya, kai ka fi mu sanin adadinsu. Kuma noman farko shi ne inda aiki ke shaƙe manomi: duk gonaki suna kira a sati ɗaya, ƴan ƙwadago sun yi tsada, ciyawa tana cin abincin hatsi. Abin da ya sa masu bati da yawa za su ce maka haƙoran nan su kaɗai sun biya kuɗin ƙarfen.

Sai dai da sharaɗi. Haƙora ba sa aiki sai an yi shibka a layi madaidaici. In layi ya karkace, ko wani wuri ya matse wani ya buɗe, hatsin za ka nome. Sai ka ja igiya ko ka yi amfani da abin zana layi tun ranar shibka. Ciyawar da ke gindin shuka kuma sai hannu, ƙarfe ba ya kai wa nan. Masu haɗa hatsi da wake suna da nasu kuka: a noman farko lafiya lau, amma kafin maimai wake ya yaɗu ya rufe tsakanin layi, shanu ba su da wurin taka ƙafa. Wasu sun gyara wannan da sa wake cikin layin hatsi, su bar tsakani fili.

Bakin tonon gujiya kuwa, masu gujiya ba sa wasa da shi. Amma suna cewa a yi tono tun ƙasa da sauran laima. In ta bushe ta ƙame, baki ba ya shiga ƙarƙashin ƴaƴan, sai ya bi ta tsakiyarsu, rabi ya tsinke ya zauna a ƙasa. Wanda ya bar noman gujiya, wannan baki ba shi da aikin da zai yi masa. Garmar huɗa ma haka take: inda aka saba tada kunya, ko ana tara wa dawa ƙasa a gindi, kullum tana aiki, inda ake shibka a shimfiɗe kuwa ajiya ce.

Ƙarfin dabarar bati shi ne ayyukan nan ba rana ɗaya suke zuwa ba. Kaftu a farkon damana, ciyawa a tsakiya, tono da kaka, jiki ɗaya ya ishe su. In kana yin uku daga cikinsu kowace shekara, bati ya fi maka araha bisa sayen ƙarfe uku. In ɗaya kake yi, ka biya kuɗin kauri da noti da maɗaurin da ba ka bukata, ka kuma ɗauki nauyinsu sau ɗari a yini. Gara ka sa maƙeri ya yi maka ƙarfe mara nauyi na wannan aiki ɗaya. Kuma babu dokar da ta ce sai ka sayi bakunan duka rana ɗaya. Ka sayi jiki da bakin da ka tabbata da shi, baɗi ka ƙara wani in bukata ta zo.

Akwai wani labari da ya kamata ka sani a nan. Shi wannan Jean Nolle ya ƙera wani babban ƙarfe mai ƙafa biyu irin na amalanke. Yana kaftu, yana shibka, yana noman ciyawa, in an ɗora masa katako ya zama amalanke, a wasu ma manomi a zaune yake aiki. Masana suka yaba ƙwarai, aka yi ta ƙera irinsa a Afirka da Indiya da Amurka ta Kudu wajen shekara talatin. A 1988 wani masani ɗan Ingila, Paul Starkey, ya rubuta littafi a kan abin da ya faru. Ya nuna an ƙera kusan 10,000, amma manoman da suka ci gaba da amfani da shi a kan ayyuka da yawa ƴan kaɗan ne ƙwarai. Ya yi tsada, ya yi nauyi, kututture na tare shi, sauya shi daga amalanke zuwa garma wahala ne. Yawanci sai aka bar shi a amalanke. A tashar gwaji babu abin da ya rasa, amma ba a tsaya an saurari masu gona ba. Ƙaramar hauyar Sine kuwa, wadda ba ta kai shi yawan aiki ba, ita manoma suka riƙe.

Ƙafa, hannu da haƙora

Ƙafar gaba ita ce ta biyu wajen kawo kuka. A rairayi ƙarfen da take juyawa a kai yana cinyewa, ta fara rawa, ta kwanta gefe. Mutane da yawa sukan cika wurin da giris suna zaton gyara ne. A ƙasar rairayi ɓarna ce. Giris yana kama rairayi, su haɗu su zama kamar dutsen wasa wuƙa, su ci ƙarfen da sauri. Ka bar wurin a bushe, ka riƙa kakkaɓe shi. Amma ka sani, sau da yawa laifin ba na ƙafar ba ne, na saiti ne. Ƙafa taɓa ƙasa kawai ya kamata ta yi. In ka ga tana nutsewa tana huɗa rairayi, bayan garma yana ɗagawa, to ka maƙala sarƙa sama da yawa, ko sarƙar ta yi tsawo. Ka sauko da ita rami ɗaya, ko ka rage tsawonta. In kuwa baki yana ƙin shiga, gaban yana tashi, ka ɗaga wurin maƙalawa ko ka ƙara tsawon sarƙa. Batin da aka saita daidai, da ƴan yatsu ake riƙe shi.

Game da hannuwa, masu irin da ake ɗagawa a sauke sun fi jin daɗi, don uba da ɗansa ba tsawonsu ɗaya ba. Hannu ya zo maka daidai ƙugu. In ya yi ƙasa za ka yini a duƙe, in ya yi sama ba ka iya sarrafa shi.

Haƙoran ciyawa kuwa, ana yabon masu lanƙwasa irin na sifirin, waɗanda ke ja da baya in sun ci karo da abu, su komo. Wannan ya ƙara muhimmanci tun da sassabin zamani ya yaɗu daga yankin Maraɗi a shekarun 1980. Gonaki sun cika da gawo da kalgo da sabara da aka raina daga kututture, saiwa ta yi yawa a ƙasa. Haƙori mai tauri in ya kama saiwa, ko ya lanƙwashe, ko ya fizgi wuyan shanu. Kada ka sare itacen da ka raina don garma ta wuce. Ka ɗaga ƙarfen ka kewaye shi, kuma nan ma mara nauyi ya fi daɗin sha'ani. A bakin haƙori ana sa faffaɗan ƙarfe mai kamar tafin agwagwa don yanke ciyawa, ko siriri mai tsini biyu don fasa ƙasa. Mai tsini biyu, in gefe ɗaya ya cinye sai ka juya shi. Maƙeranmu suna ƙera waɗannan da tsohon sifirin mota, suna kuwa jimrewa. Ka sauya baki tun bai cinye ya kai ga ƙarfen da ke riƙe shi ba, don baki araha ne, mariƙinsa tsada.

Masu jan ƙarfen

Wani yakan zagi bati alhali shanunsa ne ba su koshi ba. Masana sun auna cewa sa yana iya jan abin da ya kai kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinsa, yana tafiya awa da awa. Shanu biyu masu kilo 250 kowanne, kilo 500 ke nan, ƙarfin jansu kamar kilo 50. In rani ya rame su suka koma kilo 200 kowanne, ƙarfin ya koma 40, kuma daidai lokacin ne aiki mafi nauyi ke zuwa. Wanda ya ɓoye harawa da dusa da ƴaƴan gawo don watan ƙarshe na rani, shi zai ɗaura haƙora biyar. Wanda bai ɓoye ba, ya cire biyu ya bar uku, ya fita da sassafe, ya kwance su kafin rana ta take.

Jaki ɗaya ba ya iya babban bati irin Arara, kada ka gwada. Akwai ƙananan hauyoyi da aka yi domin jaki. A nan Nijar ma an ƙera wata mai suna HATA, wadda aka kwaikwayi bakin hauyarmu ta gargajiya, don noman ciyawa a rairayi. Mai jaki da gonar jigawa, irin wannan ya kamata ya tambaya.

Karkiya ma biyu ce, wato itacen da ake ɗora wa shanu a wuya. Ta kaftu gajera ce. Ta noman ciyawa kuwa, tsakanin wuyan sa da wuyan ɗan'uwansa ya zama ninki biyu na tsakanin layinka. In layinka santimita 80 ne, karkiya 160. Ta haka kowane sa yana tafiya a tsakanin layi, ƙarfe yana bin na tsakiya, babu mai taka shuka. Ka sa musu takunkumi kada su riƙa cizgar hatsi suna karkata.

In tsoho za ka saya

Bati da yawa da ke kasuwa yanzu ko tsofaffi ne ko ƙirar maƙera, kuma a cikinsu akwai nagari. Kada fenti ya ruɗe ka. Ka ajiye shi a wuri mai shimfiɗa, ka tsuguna a bayansa ka hango gaba. In jikin ya karkace ko kaɗan, ka bar shi, don zai yi ta jan shanu gefe ɗaya kuma babu saitin da zai gyara shi. Ka girgiza ƙafar. Ka leƙa ramukan noti ko sun faɗaɗa. Ka sa mai sayarwa ya kwance baki ɗaya ya ɗaura wani a gabanka, ka ga ko yana shiga, don bakin wani iri ba lallai ya hau jikin wani iri ba. Sannan ka tambayi maƙerin garinku ko yana iya yin baki da maɗaurin wannan iri. In sai an je birni kafin a sami noti ɗaya, ka tuna ranar da zai ɓace ranar aiki ce.

Wanda yake da nasa a gida kuma, kada ya jira hadari. Ka fito da shi a wannan sati. Ka kankare ƙasar da ta manne, ka kwance kowane noti ka shafa masa baƙin mai ka mayar, ka shafe bakunan duka. Wanda ya cinye ka kai maƙera yanzu da ba layi. In ka gama, ka jingine shi a inuwa bisa itace ko duwatsu, kada ya taɓa ƙasa, ka ɗaure bakunan wuri ɗaya da waya ka rataye a rumfa inda yara ba sa kai hannu.

A darasi mai zuwa za mu yi magana a kan horon sababbin shanu kafin damana. Mu kwana lafiya.